Tsakanin Gilashin Fam 120 da na Fam 700

Duk wanda ya halarci walimar da ƙungiyarmu ta shirya wa sababbin ɗalibai a Manchester cikin watan Oktoba na 2024, ina jin bai manta da wani dogon saurayi da ya riƙa ratsa tsakanin tebura da kyamara rataye a wuya ba, yana roƙon mutane su tsaya cak kada su motsa. To, ni ne. Wanda kuma ya ga hotunan da suka fito daga wannan dare ya san dalilin da ya sa har yau wasu abokai ke kirana "mai hoton aljanu". Cikin hotuna kusan 300 da na ɗauka, waɗanda za a iya nuna wa mutum ba tare da jin kunya ba ba su kai 20 ba. Shugaban ƙungiya ya fito da hannu uku, ma'aji kuwa ba a gane inda fuskarsa ta ƙare hularsa ta fara ba. Wannan abin kunya shi ne ya jefa ni cikin wata rigima da zuciyata ta tsawon mako shida, kuma labarinta nake so in ba ku.

Kyamarar tawa Canon ce, samfurin EOS 700D da aka fitar a 2013. A hannu na saye ta a Kano, shekara biyu kafin in taho karatun digiri na biyu. Da ita na ɗauki hawan Sallah, da ita na ɗauki bikin yayana, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a gida rana ce take yi mini rabin aikin. A nan kuwa, da hunturu ya kama, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma duk wani taro namu a cikin ɗaki ake yinsa, ƙarƙashin fitilu marasa ƙarfi. Na kunna filasha, sai fararen shaddoji suka riƙa ƙyalli kamar sabon kwano, fuskoki suka yi maiƙo, bayan mutum kuma ya koma duhu ƙirin. Na kashe ta, sai hotuna suka zama biji-biji. Laifin ba na kyamarar ba ne, nawa ne da ban san iyakar kayan aikina ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan uwa da ba su saba da harkar ba, domin in ba a gane wannan ba, ba za a gane abin da na yi ta wahala a kansa ba. Gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lens, iri biyu ne. Akwai mai zuƙowa, wanda za ka murɗa ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa. Akwai kuma wanda ba ya zuƙowa, nisansa ɗaya ne tak. In kana son abu ya matso, sai dai ka taka da ƙafarka. A cikin kowane gilashi akwai wata ƙofa da haske ke bi, tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar idon mutum. Lambar nan da ake rubutawa a jikinsa, f/1.8 ko f/5.6, ita ke nuna iyakar faɗin ƙofar, kuma duk sa'ad da lambar ta ƙanƙanta, ƙofar ta fi girma. Lissafin ba wuya: ka raba tsawon gilashin da lambar. Gilashi mai milimita 50 a f/1.8, faɗin ƙofarsa ya kusa milimita 28, a f/1.4 kuwa ya kusa milimita 36.

Gilashin da ya zo tare da kyamarata mai zuƙowa ne, daga milimita 18 zuwa 55, kuma in ka zuƙo shi ƙarshe iyakarsa f/5.6, wato ƙofar ba ta wuce milimita 10 ba. Da yake haske kaɗan ke shiga, dole kyamara ta bar labulenta a buɗe ya daɗe, a daren walimar kusan kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci, wanda ya juya kai ko ya ɗaga hannu ya riga ya zama aljani a hoto. Maganin abin shi ne gilashi mai faɗin ƙofa, kuma galibi irin waɗanda ba sa zuƙowa ne ke da ita. Turawa na ce musu masu sauri, ba don suna gudu ba, sai don suna ba kyamara damar ƙiftawa da sauri.

Bayan bincike na 'yan kwanaki, sai zaɓina ya tsaya a kan guda biyu, dukansu masu milimita 50. Na farko shi ne Canon EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015. Nauyinsa giram 160, jikinsa roba, gilasai shida ne a cikinsa, kuma a lokacin na gan shi a kan kusan fam 120. Na biyu shi ne Sigma 50mm f/1.4 Art, wanda ya fito a 2014. Nauyinsa giram 815, wato ya fi kyamarar kanta nauyi, gilasai 13 ne a cikinsa, kuɗinsa kuma kusan fam 700. Ni kuwa abin da na tara daga aikin dare da nake yi a wani ɗakin ajiyar kaya, bayan tallafin karatu ya ɗauke mini kuɗin makaranta da na haya, fam 700 ne da 'yan kai. Kun ga ke nan Shaiɗan ya san daidai abin da ke aljihuna.

Ba zan ɓoye muku ba, tun ranar farko zuciyata ta karkata ga mai tsadar. Na riƙa dawowa daga aiki da asuba, maimakon in kwanta sai in buɗe YouTube in kalli masu gwada gilasai, suna faɗaɗa hoton bangon bulo har ninki huɗu don su nuna wanda ya fi kaifi a kusurwa. Na haddace kalmomin da ban taɓa sanin ina buƙatarsu ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa araha ba ta ado, kuma gara mutum ya sayi mai kyau sau ɗaya da ya sayi maras kyau sau uku. Har na fara tsara yadda zan buɗe sana'ar hoto in na koma gida, alhali ko aikin kwas ɗin da za a miƙa a mako mai zuwa ban fara ba.

Kuma a gaskiya tsadar ba ta banza ba ce. Ƙaramin gilashin an gina shi ne a kan wani tsohon tsari, dangin wanda Paul Rudolph ya ƙirƙira a kamfanin Zeiss na Jamus tun 1896. Tsari ne mai sauƙi, ƙananan gilasai ne, an kuma shafe shekaru ana ƙera irinsa da yawa, shi ya sa yake da araha. Matsalar ita ce, duk lokacin da aka faɗaɗa ƙofa, hasken da ke bi ta gefen gilashi ba ya haɗuwa a wuri ɗaya da wanda ke bi ta tsakiya, launuka ma kowanne da yadda yake karkacewa. Gyara wannan shi ke cin kuɗi: sai an ƙara gilasai, an sa manya, an yi amfani da gilashi na musamman, an goge wasu a siffar da ke da wuyar yi. Abin da mutum ke biya ke nan. Akwai ma inda abin ya wuce hankali: Stanley Kubrick ya nemo gilashin Zeiss mai f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA, don kawai ya ɗauki wasu sassa na fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir.

Ana cikin haka sai wani yayanmu a karatu, ɗan Katsina mai yin digiri na uku, ya tare ni bayan sallar Juma'a. Ya ce, "Ƙanena, iyali sun kusa, likita ya ce tsakiyar Disamba. Kai za ka ɗauki hoton suna. Ka san Hajiya ba za ta iya zuwa ba, ƙafa ta hana ta, kuma wannan ne jikanta na fari ta wajena. Abin da ka ɗauka shi za ta gani." Na ce, "Dokta, ka ga fa abin da ya faru a walima." Ya yi dariya ya ce, "Na gani. Shi ya sa na gaya maka da wuri." Daga nan maganar ta tashi daga sha'awa ta koma amana. Sai dai maimakon hakan ya sa in nutsu, sai zuciya ta samu sabuwar hujja: ai abin da za a aika wa tsohuwa bai kamata a ɗauke shi da gilashin roba ba.

Abin da ya fara dawo da ni hayyacina lissafi ne, irin wanda ɗan sakandare ma zai iya. Hasken da gilashi ke sha yana tafiya ne da faɗin filin ƙofarsa. Da na kwatanta f/5.6 da f/1.8, sai na ga bambancin ya kusa ninki goma. Wato labulen da ya ɗauki kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa a daren walima zai koma kusan kashi ɗaya cikin 150, wanda ya isa ya tsayar da mai magana ko mai dariya. Da na kwatanta f/1.8 da f/1.4 kuwa, ƙarin hasken bai wuce kashi 65 cikin ɗari ba, ko ninki biyu bai kai ba. A taƙaice, fam 120 na farko zai saya mini haske ninki goma, fam 580 da ke bin bayansa kuma zai ƙara mini abin da bai kai ninki ɗaya ba. Na sake lissafin sau uku, ina fatan in ga kuskure. Ban gani ba.

Sai lissafi na biyu, wanda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya san shi. Bizarmu ba ta yarda mu yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba a lokacin karatu, kuma mafi ƙarancin albashi a wancan lokaci fam 11.44 ne a awa, shi ake biyana. Ƙaramin gilashin ke nan aikin awa goma da rabi ne. Babban kuwa awa 61 ne, fiye da mako uku cur na ɗaukar kwalaye cikin sanyi. Ban tsaya nan ba, na yi abin da kullum ake ce mana mu daina yi, wato mayar da fam zuwa naira. A watan Nuwamba na 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000. Bambancin da ke tsakanin gilasan biyu ke nan ya zarce naira miliyan ɗaya da dubu ɗari, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a watan Yuli na wannan shekarar naira 70,000 ne. Albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da wata 16 zan rataya a wuya, don ƙarin hasken da bai kai ninki ɗaya ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce ai kuɗina ne, da gumina na same su, ba na kowa na ci ba. Wannan kuma gaskiya ne. Sai ranar wata Lahadi na buga wa Inna waya kamar yadda na saba. Bayan gaisuwa ta ce, "Ya sanyin garin naku? Kana dai cin abinci ko?" Na ce lafiya ƙalau. Muka taɓa labarin gida, sai can cikin hira ta ce an ƙara wa ƙanwata kuɗin makarantar koyon aikin jinya, kuma tana tunanin sayar da keken ɗinkinta a cika. Tana faɗa ta yi maza ta ce, "Ba fa don ka aiko nake gaya maka ba, ɗan nan. Kai ma kana da naka. Ka dai sa mu a addu'a." Wannan keke shi ne na tashi na gani a ɗakinta, da shi ta ɗinka mana kayan Sallah shekara da shekaru. Bayan mun yi sallama na daɗe zaune a bakin gado, shafin kantin da ke sayar da babban gilashin na nan a buɗe a kwamfutata.

Na yanke shawarar in daina kallon gwajin wasu in yi nawa, tunda an ce gani ya kori ji. Na sayi ƙaramin ta intanet, saboda dokar ƙasar nan ta ba wanda ya sayi kaya ta wannan hanya kwana 14 ya fasa in ya ga dama. Wani ɗan ajinmu Bature kuma, wanda ke ɗaukar hoton aure a ƙarshen mako, ya ara mini babban na kwana biyu. Na zaunar da abokin zamana a kujera kusa da taga, sannan a ƙarƙashin fitilar ɗaki, na riƙa ɗaukarsa da wannan in canza in ɗauka da wancan, har ya gaji ya ce in biya shi kuɗin zama.

Ga abin da na gani, kuma zan faɗe shi tsakani da Allah. In aka buɗe ƙofar kowanne har ƙarshe, babban ya fi. Gashin ido ɗaya-ɗaya kake gani, launi ya fito ras, bayan mutum kuma ya narke sumul. Ƙaramin a f/1.8 yana da ɗan laushi, kusurwoyi na ɗan yin duhu, kamar yadda aka san gilasai masu wannan tsari. A hannu ma ba haɗi: ɗaya kamar ka riƙe dutse, ɗaya kamar ka riƙe gwangwanin madara. Amma da na tsuke ƙofar zuwa f/2.8 sai ƙaramin ya farka, a f/4 kuwa sai na faɗaɗa hoton sosai na ƙura ido kafin in yi hasashen wanne ne wanne, kuma ba kullum nake cin daidai ba.

Na kuma gano wani abu da masu bidiyon ba su cika tsayawa a kansa ba. Duk sa'ad da ƙofa ta faɗaɗa, yankin da ke fitowa da kaifi yana tsukewa. A irin kyamarata, in mutum na tsaye nisan mita biyu, a f/1.4 abin da zai fito tas bai wuce santimita 9 ba daga gaba zuwa baya, a f/1.8 kimanin santimita 11. Wato in ango da amarya suka tsaya, ɗaya ya ɗan gota ɗaya, sai dai ɗayansu ya fito. Mu kuwa Hausawa hotonmu na taro ne. Ka ɗaga kyamara kan mutum ɗaya, kafin ka danna biyar sun shigo. Saboda haka yawancin hotunan da zan ɗauka a f/2.8 ko f/4 za su kasance, daidai inda gilasan biyu suka zama kusan ɗaya. Zan biya fam 580 ke nan don wata ƙofa da ba kasafai zan buɗe ba.

Akwai wani dattijo a masallacinmu, haifaffen zangon Kumasi, wanda ya yi sana'ar hoto a can tun zamanin fim kafin ya taho Ingila ya yi tuƙin bas har ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Na kai masa kwamfutar bayan La'asar, na jera hotunan biyu-biyu ba tare da na gaya masa wanne ne na wane gilashi ba. Na ce, "Baba, don Allah a duba mini, wanne ya fi?" Ya gyara tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai ce komai a kan kaifi ba. Ya nuna wani ya ce, "Wannan ka sa taga a bayansa, ka kashe masa fuska." Ya nuna wani ya ce, "Wannan fitila na bisa kansa, idanunsa sun zama rami." Sai ya tsaya a kan ɗaya ya ce, "Yawwa, ɗana, wannan shi ne hoto. Haske ya zo ta gefe." Da ƙaramin na ɗauke shi.

Da na ba shi labarin kuɗin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanda ya ara maka, da gilashin yake ci, ko ba haka ba? In ya yi aure biyu ya mayar da kuɗinsa. Kai wa zai biya ka?" Sannan ya koya mini abin da ya fi mini amfani fiye da duk bidiyon da na kalla. Ya ce ma'aunin hasken kyamara ba shi da wayo, kullum ƙoƙarinsa ya mayar da komai tsaka-tsaki. In ya ga farar babbar riga ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse. Ya ce in riƙa auna hasken a kan fuska, ko in ƙara wa kyamarar haske da hannuna, in kuma nemi taga kafin in nemi komai. Wannan ilimi babu gilashin da ke zuwa da shi a kwali.

A hanyar komawa gida na tuna da Malick Sidibé na Mali, wanda ya ɗauki samarin Bamako a wuraren rawa cikin shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin fasaha na Venice a 2007. Na tuna da J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda ya fara tara hotunan kitson mata tun 1968. Ba wanda ke tsayawa gaban hotunansu yana tambayar nawa aka sayi gilashin. Sai na yi wa kaina tambayar da na daɗe ina kauce wa: hoton nake so ya yi kyau, ko kuwa ni nake so a gani da babban gilashi a wuya, don a manta da abin da ya faru a walima? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Washegari na mayar wa mai shi da kayansa, na riƙe ƙaramin, na aika wa Inna abin da ya sawwaƙa na ce kada a taɓa keken.

Allah Ya sauki matar Dokta lafiya, aka samu ɗa namiji, suna ya faɗo ranar Asabar. Rago a Katsina aka yanka, mu kuma muka taru a falonsu da hantsi. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. A irin kyamarata, gilashi mai milimita 50 yana gani ne kamar mai milimita 80 a manyan kyamarori, saboda farantin da ke karɓar hoto ƙarami ne. Falon kuma matsattse, don haka da aka zo hoton taro sai da na ja baya har na fita ƙofa na tsaya a kan matakala, daga ƙarshe na haƙura na mayar da tsohon gilashina na ɗauki wannan guda. Da na sayi babban ma haka za ta faru, tunda tsawonsu ɗaya. Wasu hotunan kuma na buɗe ƙofa da yawa, hancin jariri ya fito idonsa bai fito ba. Amma na tuna maganar Baba. Na roƙi mai jego ta zauna kusa da taga, na ja labule gefe, na tsuke ƙofa zuwa f/2.2, na jira har yaron ya buɗe ido.

Wannan hoton aka wanke babba a Katsina aka kai wa Hajiya. Bayan kwana biyu Dokta ya turo mini saƙon muryarta. Ta yi ta sa albarka, sannan ta ce a gaya wa mai hoton ta gode, domin ta ga goshin marigayi mijinta sak a fuskar yaron. Na saurari saƙon ya fi sau biyar.

Yanzu fa kada wani ya ɗauka ina cewa babban gilashi almubazzaranci ne. Wanda ke cin abinci da kyamara, wanda ke ɗaukar hoto kowane mako a wurare masu duhu, wanda ake wanke hotunansa manya a rataya a bango, shi kam kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ni ma har gobe in na ga irinsa a tagar kanti sai na rage tafiya. Amma na sa wa kaina sharaɗi: ba zan saye shi ba sai ranar da kuɗin da hoto ya kawo mini suka isa su saye shi.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke wannan tunani, shawarata kaɗan ce. Ka fara duba hotunan da ka riga ka ɗauka, ka gano ainihin abin da ke ɓata su. Wani lokaci ba gilashi ba ne, wurin da kake tsayawa ne. In kyamararka mai ƙaramin faranti ce kuma a ɗaki kake yawan ɗauka, ka yi tunanin mai milimita 35 ko ƙasa da haka kafin ka tsaya a kan 50. Ka leƙa kasuwar kayan hannu, domin tun da manyan kamfanoni suka koma ƙera kyamarori marasa madubi, kamar yadda Canon da Nikon suka fitar da sababbin tsarinsu a 2018, mutane da yawa na sayar da tsofaffin gilasansu masu lafiya. Ka ara ka gwada kafin ka biya. Sannan ka lissafa kuɗin da awannin da ka yi kana aiki, ba da lambar da ke jikin kaya ba.

Ƙanwata tana aji na gaba yanzu, keken Inna yana nan a ɗakinta, sunan "mai hoton aljanu" kuma ya ƙi bari na, ko da yake a taron Ƙaramar Sallah na 2025 shugaban ƙungiya ya fito da hannu biyu kamar kowa. Allah Ya ba mu ikon bambance buƙata da sha'awa, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, Ya kuma mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema. Amin. Wassalam.